Jan jemagen gabashin Amurka: ina yake a wane wata, kuma yaya aka yi aka sani?

In ka buɗe littafin dabbobin Arewacin Amurka ka nemi shafin wannan jemage zaka tarar an ɗauki taswira an shafe kusan rabin nahiyar da launi ɗaya, daga kudancin Kanada har arewa maso gabashin Meksiko, daga bakin tekun Atlantika har gindin duwatsun Rocky, an ce wai nan ne mazauninsa. Ba ƙarya aka yi ba amma taswirar nan tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, domin ba duk shekara jemagen ke cika duk wannan fili ba. Wanda ke Ontario ta Kanada zai ganshi a Yuli ya neme shi a Janairu ya rasa, wanda ke Louisiana a kudancin Amurka kuma duk shekara yana tare da shi. Toh tambayar "a ina yake" ba ta da amsa sai an haɗa ta da "a wane wata", wani lokacin ma sai an ƙara da "namiji ko mace".

Bari mu fara da shi kansa dabbar. Masana suna kiransa Lasiurus borealis, tun 1776 aka rubuta bayaninsa. Ɗan ƙarami ne sosai, nauyinsa giram 7 zuwa 13, wato kamar dunƙulen Maggi biyu zuwa uku ka ɗora a tafin hannu, amma in ya buɗe fukafukai zasu kai wajen santimita 30. Namijin ja ne jawur mai ɗaukar ido, macen kuma jan nata ya ɗan dushe kuma bakin gashinta fari-fari ne kamar an barbaɗa mata gari, dukansu suna da farin tabo a kafaɗa. Fatar da ta haɗa ƙafafunsa da jela cike take da gashi, ka riƙe wannan don zamu dawo kanta in mun zo maganar sanyi. Babu shi a Afirka ko kaɗan, kuma ba ya cin 'ya'yan itace irin manyan jemagun da ke sauka a kan mangwaro da ɗurumi, ƙwari yake ci, musamman faɗa-wuta, shi yasa ake yawan ganinsa yana kewaya fitilun titi da magariba.

Abin da ya sa bin sawunsa ke da wuya shi ne yanayin kwanansa. Jemagun da ke taruwa a kogo ana iya shiga da tocila a lokacin sanyi a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a dawo baɗi a sake ƙirgawa a gane ko sun ƙaru ko sun ragu. Shi wannan ba ruwansa da kogo ba ruwansa da rufin ɗaki, shi kaɗai yake kwana a cikin ganyen bishiya irin su oak da hickory da sweetgum, ya rataye da ƙafa ɗaya ya naɗe jikinsa iska tana ɗan kaɗa shi, ko kana tsaye a gindin bishiyar zaka ɗauka busasshen ganye ne. Gobe kuma ya koma wata bishiyar. Babu wurin da zaka je ka ce ga garkensu bari in ƙirga. Saboda haka kusan duk abin da aka sani game da inda yake a kowane wata an tattaro shi ne daga waɗanda aka tsinta, wanda ya faɗo, wanda ya bugi gini, wanda ya shiga raga, wanda aka kai ɗakin gwaji don a duba ko yana da ciwon haukan kare.

Aikin da ya fi fito da hoton fili shi ne na wani masani Paul Cryan a 2003. Mutumin ya bi gidajen adana kayan tarihin halitta na Amurka da Kanada ya tattara bayanan jemagun da aka ajiye, kowanne da takardarsa mai ɗauke da wurin da aka same shi da ranar, sai ya jera su wata-wata a kan taswira. Da aka yi haka sai tafiyar ta bayyana. A hunturu sun tattare a kudu maso gabashin Amurka, musamman gaɓar Atlantika da gaɓar mashigin tekun Meksiko, in ɗumi ya fara sai su bazu arewa zuwa yankin manyan tafkunan nan da ke tsakanin Amurka da Kanada da kuma filayen tsakiyar ƙasa, in kaka ta zo sai ka ga ɗigon yana karkata gabas wajen bakin teku yana gangarowa kudu.

Amma fa a lura da wani abu, kuma a ganina nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe in suna karanta irin wannan taswira. Ɗigo a taswira yana nufin akwai jemage a wurin kuma akwai mutumin da ya ɗauke shi. Inda akwai jami'a da ɗalibai masu yawo da raga ɗigo zai yi yawa, inda daji ne ba kowa ɗigo ba zai fito ba ko da jemagu sun cika wurin. Don haka in ka ga wani yanki fari fes kada ka yi saurin cewa babu shi, mai yiwuwa ba a je an duba ba ne.

Daga Afrilu zuwa Mayu ake tafiyar arewa, kuma wannan ita ce tafiyar da ba a cika gani ba, shiru ake yinta. Matan suna isowa da ciki, kuma cikin nan yana da labari, domin tun a Agusta ko Satumban bara aka yi barbara, macen ta ajiye maniyyin a jikinta duk tsawon hunturu sai da ɗumi ya shigo sannan cikin ya shiga, ya yi kwana 80 zuwa 90. Haihuwa tana kamawa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a can arewa ta ɗan ƙara jinkiri. Yawancin jemagun duniya ɗa ɗaya suke haifa a shekara, ita wannan uku ne abin da aka saba, tana iya yin huɗu har biyar, nononta ma huɗu ne maimakon biyu.

Wannan ne ya sa Yuni da farkon Yuli suka zama lokacin da mutanen gari suka fi cin karo da shi. Ka yi tunanin uwa mai giram 12 tana rataye a reshe da 'ya'ya uku ko huɗu maƙale a ƙirjinta, sun fara girma har nauyinsu a haɗe ya fi nata, sai hadari ya taso da iska ko wani shuɗin tsuntsu da ake kira blue jay ya kawo hari, shi kenan sai su faɗo gaba ɗaya. Da safe mai gida ya fito ya tarar da wani ɗan curin jan gashi a kan ciyawar ƙofar gidansa, in ya matsa kusa sai curin ya buɗe baki yana huci yana ɗan ƙara, ƙananan kawuna suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Uwar ba zata tashi ba don ba zata iya ɗaukarsu daga ƙasa ba kuma ba zata barsu ba. Masu kula da namun daji da suka ji rauni a jihohi irin Texas sun san wannan lokaci sarai, wayarsu ba ta hutawa. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a can, in kun gamu da haka kada a taɓa da hannu tsirara kuma a hana yara da kyanwa zuwa kusa, jemagun Amurka suna iya ɗaukar ciwon haukan kare duk da waɗanda ke ɗauke da shi kaɗan ne, a kira hukumar kula da namun daji ta jihar su zasu faɗi abin yi. In cizo ya faru ko ana zargin an yi, asibiti kai tsaye ba jira.

'Ya'yan suna fara tashi suna da sati uku zuwa biyar, don haka zuwa ƙarshen Yuli sama ta cika da sababbin matasa. Daga nan ne babban lamarin ke farawa.

Agusta zuwa Oktoba shi ne lokacin da aka fi ganin jan jemage a wuraren da ba a zata ba, kuma tsofaffin rubuce-rubuce sun cika da wannan. Edgar Mearns, likitan soja kuma masanin dabbobi, ya rubuta a 1898 cewa ya sha ganin manyan ayarinsu suna wucewa da rana tsaka a kwarin kogin Hudson na jihar New York. Yau ba wanda ke ba da labarin irin wannan ayari. An tsinci gawarwakinsu a gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Long Point a tafkin Erie, an tsinta a gindin dogon ginin Empire State, an tsinta a jikin wani katafaren ginin taro mai gilasai a bakin tafki a Chicago tare da tsuntsaye masu ƙaura, kuma galibi duk a kaka. Matuƙan jiragen ruwa sun ba da rahoton jemagu suna sauka a jirgi a tsakiyar ruwa su huta su tashi. Har tsibirin Bermuda ana ganinsu a lokacin ƙaura, kuma daga can zuwa gaɓar North Carolina kusan kilomita 1,000 ne na ruwa zalla ba reshen da za a kama. A Satumban 2012 masu binciken da ke ɗaukar bidiyon teku daga jirgin sama don ƙirga tsuntsaye sun ɗauki jajayen jemagu suna shawagi da rana a nisan kilomita 17 zuwa sama da 40 daga gaɓar New Jersey da Delaware da Virginia. Gaskiya duk sanda na tuna girman dabbar nan na kuma tuna wannan ruwa sai abin ya cika ni da mamaki.

Me ya kai su bakin teku? Bayanin da ya fi kama hankali shi ne wanda ya taso daga arewa maso gabas yana son zuwa kudu dole gaɓa ta tare shi, sai ya bi ta kamar hanya, ga shi bakin teku ya fi cikin ƙasa ɗumi a ƙarshen shekara ƙwari basu ƙare da wuri. In kuma iska ta buso daga arewa maso yamma tana iya tura wasu cikin teku. Yanzu ana manna musu a gadon baya 'yar na'urar rediyo da ba ta kai giram ɗaya ba, akwai hasumiyoyin wani tsari da ake kira Motus jere a gaɓa suna kama siginar duk wanda ya wuce, da haka aka tabbatar suna tsallake manyan mashigai irin Chesapeake da Delaware. Sai kuma wata dabara mai ban sha'awa, gashin jemage yana tsirowa ne a lokacin zafi, kuma ruwan saman kowane yanki yana da nasa ma'aunin wani nau'in haidurojin wanda ke sauyawa daga kudu zuwa arewa, ma'aunin yana shiga ƙwaro ya shiga jemage ya zauna a gashi. In aka tsinci gawa a Maryland a Satumba aka gwada gashin ana iya kintatar ko ɗan gida ne ko daga nesa ya taso.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi rikita tsohon tunani, wato hunturu. An daɗe ana ɗauka duk suna gudu kudu mai nisa. Ashe da yawa basu yin nisa, ana samunsu a Missouri da Arkansas da kwarin kogin Ohio da gaɓar Virginia a tsakiyar sanyi, wuraren da ruwa ke daskarewa dusar ƙanƙara ke sauka, kuma mafi yawan waɗanda ke tsayawa a wannan gefen arewa maza ne, matan sun fi gangarawa ƙasa. Ma'aikatan gandun daji ne suka fara lura da wani abu, in sun cinna wa busassun ganyen ƙasa wuta da gangan a lokacin sanyi don gyaran daji sai su ga jan jemage ya tashi daga ƙasa a gaban wutar. Daga ƙasa fa, ba daga bishiya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya bi wasu da na'urar rediyo a kudu maso yammacin Missouri, aka ga in rana da ɗan ɗumi suna rataye a bishiya, sau da yawa wata mai suna red cedar da ganyenta ba ya kaɗewa, a gangaren da ke kallon kudu inda rana ke bugawa, amma da zarar sanyi ya kusa daskarar da ruwa sai su sauko su kutsa ƙarƙashin tarin ganyen da ya zube. A nan ne fatar jelar nan mai gashi ke aiki, ya jawo ta ya rufe ciki da fukafukai har fuska ya dunƙule, ya sauke zafin jikinsa da bugun zuciyarsa ƙasa sosai ya kwanta kamar matacce. In an samu yammaci mai ɗumi a Janairu sai ya farka ya fito tun rana bata faɗi ba ya kama 'yan ƙwarin da suka fito ya koma. Shi yasa wanda ya ga jemage yana shawagi da la'asar a watan Janairu a Tennessee ko Kentucky akwai kyakkyawan zaton wannan ne.

Wannan yana da amfani a aikace, don jemagen da ya yi sanyi sosai yana buƙatar mintuna kafin jikinsa ya ɗumama ya iya tashi, in an sa wuta da sanyin safiya zata iya riskarsa, in an bari sai rana ta ɗaga yana da damar tsira. Kuma rashin shiga kogo ya yi masa rana ta wani gefen, cutar farin hanci, wata cuta da ke kama jemagu masu kwanan hunturu a kogo, da aka fara gani kusa da Albany ta New York a 2006 ta kashe miliyoyin jemagun kogo amma bata yi masa irin wannan ɓarna ba.

Iyakar mazauninsa ta yamma ita ma tana motsi. Kafin 1988 ana ɗaukar jajayen jemagun California da Arizona a matsayin iri ɗaya da na gabas, sai gwajin ƙwayoyin halitta ya raba su, don haka tsofaffin bayanai na yamma ba nasa bane. Sai kuma daga farkon shekarun 2000 aka fara kama na gabas ɗin a Alberta ta yammacin Kanada, daga baya aka samu har a arewa maso gabashin British Columbia. Wasu na ganin ɗumamar yanayi da bishiyoyin da mutane suka dasa a filayen da da babu itace ne suka buɗe masa hanya, wasu na ganin yana nan tuntuni masu dubawa ne suka ƙaru. A kudu kuma akwai ɗan uwansa jemagen Seminole mai launin ja mai duhu, sun yi kama ƙwarai har kukan da suke yi na gano hanya, wanda kunnen mutum ba ya ji, yana rikita na'urar da ke naɗarsa, don haka rahoton da ya fito daga Florida ko Georgia a kan sauti kaɗai sai an yi taka-tsantsan da shi.

Toh yanzu wurin da aka fi "ganin" jan jemage a wannan zamani ba reshe bane ba fitilar titi ba, gindin fankokin samar da lantarki daga iska ne, irin waɗanda aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina sai dai na can sun fi su tsawo da yawa nesa ba kusa ba. A 2003 a wata tasha mai fanka 44 a kan tsaunin West Virginia aka ƙiyasta jemagu 1,400 zuwa 4,000 sun mutu a shekara ɗaya, jan jemage na cikin waɗanda suka fi yawa. Daga nan aka fara dubawa ko'ina, aka ga iri uku masu kwana a bishiya masu ƙaura, shi da babban ɗan uwansa mai furfura da wani baƙi mai gashin azurfa, su ne wajen kashi uku cikin huɗu na gawarwakin da ake tsinta a Amurka da Kanada. Wani ƙiyasi ya ce jemagu sama da 600,000 fankokin Amurka suka kashe a 2012 kaɗai. Kuma mutuwar bata bazu a duk shekara ba, ta taru ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba, daidai lokacin ƙaura da barbara, kuma a dararen da iska bata da ƙarfi. Kyamarorin da ke ganin zafin jiki sun nuna ba wucewa kawai suke yi fanka ta same su ba, matsowa suke yi suna kewaya ta, shi yasa Cryan da wasu ke zaton suna ɗaukarta wata doguwar bishiya ce ta kwana ko ta haɗuwa da mata.

Kenan sanin watan da yake wucewa ba sha'awar masana kawai bace. Tunda an san watannin kuma an san irin daren, an gwada wani abu mai sauƙi a tashar Casselman ta Pennsylvania a 2008 da 2009, aka hana fankokin juyawa da dare sai iska ta kai gudun mita 5 zuwa 6.5 a daƙiƙa, mutuwar jemagu ta ragu da kashi 44 zuwa 93 cikin ɗari, wutar da aka yi asara kuma bata wuce kashi 1 cikin ɗari na shekara ba, don dama a iska mara ƙarfi fankar ba wata wutar kirki take bayarwa ba. Ni dai ina goyon bayan lantarkin iska ɗari bisa ɗari, amma ban ga hujjar da kamfani zai kafa na ƙin tsayar da fanka na 'yan sa'o'i a dararen wata biyu zuwa uku ba, bayan an gwada an ga yana aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne tunda ba a iya ƙirga shi, kowa na iya riƙe ɓangaren da ya yi masa daɗi. Jerin ƙungiyar IUCN ta duniya mai kula da kare halittu ya sa shi cikin waɗanda ba a damu da halinsu ba, don har yanzu yana cikin jemagun da aka fi kamawa a raga a gabashin Amurka kuma yana haihuwa da yawa. Amma masu bincike a Michigan da suka kwatanta kamun shekarun baya da na baya-bayan nan sun wallafa a 2008 cewa rabonsa ya ragu sosai, kuma a Mayun 2023 kwamitin COSEWIC mai tantance halin namun dajin Kanada ya sanya shi da 'yan uwan nan nasa biyu a sahun masu fuskantar barazanar ƙarewa, babban dalilin da ya bayar kuwa fankokin iska ne. Shirin NABat da aka fara a 2015 yana ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar sa na'urorin naɗar sauti a wurare ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara a faɗin nahiyar, ko an ga jemage ko ba a gani ba a rubuta, don rashin gani a wurin da aka duba da kyau shi ma bayani ne wanda tsofaffin takardun gidan tarihi basu taɓa bayarwa ba. Yanzu kuma an fara kafa fankoki a cikin tekun Atlantika kusa da Rhode Island da Massachusetts da New York da Virginia, a kan hanyar da jemagun ke bi a Satumba, kuma a can duk wanda fanka ta buge cikin ruwa zai faɗa, babu gawar da wani zai zo da safe ya tsinta ya rubuta, sai dai a dogara da kyamara da na'urar sauti da aka ɗaura a jikin fankar.